Buenos Aires a Idon Baƙuwa 'Yar Maɗigo: Doka Ɗaya, Unguwanni Daban-daban

A ce mata biyu sun sauka a filin jirgin sama na Ezeiza bayan doguwar tafiya, sun ɗauki tasi zuwa wani ƙaramin otal a unguwar Palermo. Ma'aikacin da ke karɓar baƙi ya duba kwamfuta, ya ga ɗakin da suka kama tun suna gida mai gado ɗaya ne, irin wanda mutanen Ajantina ke kira "cama matrimonial", wato gadon ma'aurata. A birane da yawa na duniya, daidai nan ne gaban irin waɗannan mata ke faɗuwa. Ma'aikaci zai ɗago kai ya dube su, ya ce ai kuskure aka yi, bari a sauya musu ɗaki mai gado biyu, su kuma sai su zaɓa: su yi shiru su karɓa, ko su buɗe baki su faɗi abin da ke tsakaninsu a gaban baƙon ido. A Palermo yawanci ba a kaiwa nan. Mutumin zai miƙo mabuɗi, ya faɗi lokacin karin kumallo, ya juya ga na baya.

Wannan ɗan ƙaramin abu ne ya sa sunan Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ke yawan fitowa idan ana lissafa biranen Kudancin Amurka da 'yan maɗigo da sauran masu neman jinsinsu ke iya ziyarta hankali kwance. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan sharhi ba su yarda da wannan rayuwa ba, bisa addini da tarbiyyar da muka tashi a ciki, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da ya dame ni shi ne ran ɗan Adam, da kuma tambayar da ake amsawa da gaggawa fiye da kima: shin birnin lafiya lau ne ga irin wannan baƙuwa? Masu tallan yawon buɗe ido suna cewa ƙwarai kuwa. Amsar gaskiya ta fi haka tsawo, domin ta danganta da unguwar da baƙuwar ta kwana, da abin da ke aljihunta, da kamanninta, da launin fatarta, da ma ƙasar da za ta koma.

Dokar da ke kare irin waɗannan mata a Ajantina ba daga sama ta faɗo ba. Tun 1887 kundin hukunta laifuka na Ajantina bai sanya mu'amalar jinsi ɗaya tsakanin manya a cikin laifuka ba, amma hakan bai hana kame ba. 'Yan sanda suna da nasu ƙa'idojin da ake kira "edictos policiales", waɗanda suka ba su ikon tsare mutum har kwana 30 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, da hujjar tayar da abin kunya a kan titi ko sanya tufafin da ba na jinsinsa ba. An yi shekaru masu yawa ana amfani da su, kafin mulkin soja na 1976 zuwa 1983, da lokacinsa, da ma bayansa. Sai a 1998 aka kawar da su a birnin.

Bayan dawowar mulkin farar hula aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu neman jinsinsu mai suna Comunidad Homosexual Argentina a 1984, Carlos Jáuregui ne shugabanta na farko. Ta ɓangaren mata kuwa, sunan da ba a tsallakewa shi ne Ilse Fuskova, wadda ta yi aure ta haifi 'ya'ya, sai da shekarunta suka haura 50 ta bayyana kanta. A 1991 ta zauna a shirin talabijin na Mirtha Legrand, shirin da ake cin abincin rana ana hira kuma gidaje da dama ke kallo, ta faɗa da bakinta cewa ita 'yar maɗigo ce. Shekara guda bayan haka, a watan Yulin 1992, masu neman jinsinsu suka yi tattakinsu na farko daga dandalin Plaza de Mayo zuwa ginin majalisa. Mutanen ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma da yawansu sun rufe fuska da kwali don tsoron kada a gane su a kore su daga aiki. Daga baya aka mayar da tattakin watan Nuwamba, saboda Yuli tsakiyar hunturu ne a can kuma sanyin yana cutar da masu ɗauke da cutar ƙanjamau, sannan don tunawa da Nuestro Mundo, ƙungiyar farko irinta da aka kafa a 1967. Yanzu tattakin na cika titin Avenida de Mayo maƙil, a lokacin da itatuwan jakaranda ke zubar da shuɗin furanninsu a gefen hanya.

Sunan tattakin kansa yana bukatar ɗan bayani ga kunnen Bahaushe. "Orgullo" suke cewa, wato alfahari, kuma a wurinmu alfahari ba abin yabo ba ne, kunya ce adon mutum. Abin da Jáuregui ya riƙa nufi shi ne, al'ummar da ta rene ka a kan ka ji kunyar kasancewarka a raye, to ɗaga kai a cikinta amsa ce ta siyasa. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, sai ya gane wannan kafin ya gane dalilin da ya sa ake kiɗa da rawa a tattakin amma ana ɗauke da hotunan waɗanda aka kashe.

Daga nan dokoki suka riƙa biyo juna. Kundin tsarin mulkin birnin na 1996 ya hana nuna bambanci saboda jinsin wanda mutum ke so. A ƙarshen 2002 majalisar birnin ta amince a yi wa zaman tare na masu jinsi ɗaya rajista. Da asubahin 15 ga Yulin 2010, bayan muhawarar da ta cinye dare, majalisar dattawa ta amince da auren jinsi da ƙuri'a 33 a kan 27, Ajantina ta zama ƙasa ta farko a Latin Amurka da ta yi haka a faɗin ƙasa. Ba a sha da daɗi ba. Babban limamin Katolika na birnin a lokacin, Jorge Bergoglio, wanda ya zama Fafaroma Francis bayan shekara uku, ya yi adawa da dokar ƙwarai, kuma dubban mabiya coci sun fito zanga-zanga. A 2012 aka yi dokar da ta bai wa mutum damar sauya suna da jinsi a katin shaidarsa ba tare da izinin alƙali ko tiyata ba, a 2021 kuma aka ware kashi 1 cikin 100 na guraben aikin gwamnatin tarayya ga masu sauya jinsi. Yau akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a layin H mai ɗauke da sunan Carlos Jáuregui.

Amfanin duk wannan ga baƙuwa a fili yake. Babu ɗan sandan da zai kama ta bisa doka don ta kwana ɗaki ɗaya da mace. Idan abokiyar zamanta ta kwanta asibiti, ba abin mamaki ba ne ta ce "mi pareja", abokiyar zamana, ko "mi esposa", matata, a gane abin da take nufi. Ma'aikacin otal ɗin nan da ya miƙa mabuɗi bai yi don kirki kawai ba, ya girma ne a garin da wannan ya zama ruwan dare.

To amma titi yana da nasa hukuncin, kuma a nan ne lamarin mata ya bambanta da na maza. A Buenos Aires gaisuwa sumba ce guda a kumatu, mace da mace, har namiji da namiji. Ƙawaye suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, uwa da 'ya suna saƙale hannu. Saboda haka mata biyu masu dogon gashi da shigar da aka saba gani a jikin mata za su iya yin mako guda suna yawo ba wanda ya kawo komai a ransa. Kowa zai ɗauka ƙawaye ne ko 'yan'uwa. Wannan rufin asiri ne, amma yana zuwa da nasa takaicin: mai kawo abinci zai riƙa cewa "tu amiga", ƙawarki, namiji kuma zai ja kujera ya zauna a teburinsu don a ganinsa mata ne biyu da ba su da kowa. Wadda ta aske kai, ta sa wando da riga irin na maza, ba ta da wannan rufin asirin ko kaɗan. Ita ake fara gani, ita ake fara yi wa magana.

Abin da ya faru a tashar jirgin ƙasa ta Constitución ranar 2 ga Oktoban 2017 ya nuna haka ƙarara. Wasu mata biyu da suka yi aure bisa doka sun fake wa ruwan sama a bakin tashar, suna sallama da juna, sun sumbaci juna, ɗayarsu tana shan taba. Ma'aikacin tasha ya ce ta kashe tabar. Ta ce ga wasu nan suna sha ba a yi musu magana ba. Aka kira ɗan sanda, wanda a cewarta ya riƙa kiranta "pibe", wato yaro, duk da ta gaya masa ita mace ce. Magana ta zama kokawa, aka danne ta a ƙasa, aka sa mata ankwa. 'Yan sanda sun ce taba ce da taurin kai suka jawo. Ita da matarta sun ce sumbar ce. A Yunin 2019 kotu ta yanke mata ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka, sai a 2021 kotun sama ta wanke ta. A tsakanin nan mata sun riƙa taruwa a bakin tasha da bakin kotu suna sumbatar juna a fili, zanga-zangar da suke kira "besazo". Shekara bakwai ke nan bayan dokar aure, a tsakiyar babban birni, da rana tsaka. Dokar ta yi aikinta a ƙarshe, amma sai da matar ta yi fiye da shekara uku tana ɗauke da shari'a a wuya, kuma baƙuwar da ta zo hutun kwana goma ba ta da shekara uku.

Sai maganar unguwa, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin. Birnin kansa yana da mutum wajen miliyan 3, idan aka haɗa da garuruwan da suka kewaye shi sun haura miliyan 13. Tun annobar shawara ta 1871 masu hali suka gudu daga unguwannin kudu irin su San Telmo suka koma arewa, manyan gidajen da suka bari aka yanyanka su ɗaki-ɗaki aka zuba talakawa da baƙi 'yan ci-rani. Har gobe wannan rabon yana nan. Arewa, wato Recoleta da Palermo da Belgrano, can ne otal-otal da gidajen cin abinci da lambuna suke. Kudu, wato Constitución da Barracas da La Boca, can ne ake samun gidajen haya da ake kira "hotel familiar" ko "pensión", inda iyali guda ke cikin ɗaki guda, ana haɗa banɗaki da madafa da mutanen da ba a zaɓa ba.

A irin wannan gida ne, a Barracas, mata huɗu 'yan maɗigo suke zaune a ɗaki ɗaya. Cikin daren 6 ga Mayun 2024, wani maƙwabcinsu da ke ɗaki kusa da nasu ya jefa musu abin fashewa mai cin wuta suna kwance. Uku sun rasu cikin mako guda, ɗaya ta tsira da ƙuna. Maƙwabta sun shaida wa 'yan jarida cewa mutumin ya daɗe yana zaginsu saboda abin da suke. Ɗaya daga cikin mamatan ta taɓa tsira daga gobarar gidan rawa na Cromañón a 2004, wadda ta ci rayuka 194, sai ga shi wuta ce dai ta zama ajalinta bayan shekara ashirin. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Tsakanin otal ɗin Palermo da wannan ɗaki tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a motar haya, kuma doka ɗaya ce ke aiki a wuraren biyu. Abin da ya raba su kuɗi ne. Baƙuwa mai dala tana sayen ƙofa mai kulle, da tasi har bakin gida, da damar tattara kayanta ta sauya masauki idan kallon wani bai yi mata ba. Matan Barracas sun san maƙwabcinsu, sun ji zaginsa, amma a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 211 cikin 100 a 2023, ina za su? Shi ya sa nake ganin baƙuwar da ta dawo tana cewa Buenos Aires aljanna ce ta faɗi gaskiyar abin da ta gani, sai dai baƙo ko da idonsa makaho ne a garin da ba nasa ba.

Iskar siyasa ma ta juya. Javier Milei ya hau mulki a Disamban 2023. Gwamnatinsa ta rushe ma'aikatar mata da jinsi, ta kuma rufe INADI, hukumar da ke karɓar ƙorafin nuna wariya tun shekarun 1990. Da aka tambayi kakakin fadar shugaban ƙasa game da Barracas, sai ya ce ba ya son a kira shi hari a kan wani rukuni na musamman, duk tashin hankali abin ƙi ne. A Janairun 2025, a taron Davos na ƙasar Suwizalan, Milei ya yi jawabin da ya danganta abin da yake kira aƙidar jinsi da lalata yara. Martanin bai jima ba. An yi taron gaggawa a lambun Parque Lezama, ranar 1 ga Fabrairu kuma jama'a masu ɗimbin yawa suka cika hanya daga majalisa zuwa Plaza de Mayo, har da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan fansho da iyayen yara. Dokar aure tana nan ba a taɓa ta ba. Abin da ya ragu shi ne ofisoshin da mutum zai kai kuka, abin da ya ƙaru kuma shi ne ƙarfin gwiwar mai zagi, don ya ji irin maganarsa daga bakin manya.

Duk da haka garin ba na makoki ba ne, kuma rashin adalci ne a zana shi haka. Sai dai baƙuwar da ta zo tana neman titi guda mai jere da wuraren shaƙatawar mata za ta sha yawo. Wuraren maza sun fi yawa kuma sun fi daɗewa, don harka ce ta kuɗi. Rayuwar mata ta fi gudana a bukukuwan da ke sauya wuri daga wata zuwa wata, da filayen ƙwallon ƙafa na mata, da shagunan littattafai, da cibiyoyin al'adu irin Casa Brandon da ke yankin Villa Crespo, inda ake karatun waƙe da nuna zane da kiɗa. Akwai kuma abin da suke kira "tango queer". A rawar tango ta gargajiya namiji ne ke ja, mace ta bi. A waɗannan zauruka kowa na koyon ɓangarorin biyu, kafin a fara sai a tambayi juna wa zai ja, a tsakiyar waƙa ma ana iya musanyawa. Wadda ba ta jin Sifaniyanci za ta iya shiga mutane ta wannan ƙofa fiye da kowace. Sai dai ta shirya wa agogon garin: ba a cin abincin dare kafin ƙarfe 9 ko 10, gidan rawa kuma ba ya cika sai bayan ƙarfe 2 na dare, don haka a san yadda za a koma masauki tun kafin a fita.

Za ta kuma lura cewa 'yan maɗigon Ajantina suna tsakiyar gwagwarmayar mata gaba ɗaya. Suna cikin gangamin Ni Una Menos da ya ɓarke ranar 3 ga Yunin 2015 don adawa da kisan mata. Ranar 7 ga Maris kuma tasu ce ta musamman, ta tunawa da Natalia Gaitán, wadda aka fi sani da Pepa, da mijin mahaifiyar budurwarta ya harbe a birnin Córdoba a 2010, 'yan watanni kafin dokar aure. Akwai kalmar "torta" da baƙuwa za ta gani a jikin bango da riguna. Asalinta zagi ce, matan suka ɗauke ta suka mayar da ita suna. A bakinsu daɗi gare ta, a bakin wani daga tagar mota kuwa har yanzu zagi ce, kuma gara baƙuwa ta bari sai ta ji yadda ake furta ta kafin ta ara.

Ga baƙar fata akwai ƙarin kaya. Ajantina ta daɗe tana ɗaukar kanta ƙasar jikokin Turawa, duk da cewa Buenos Aires tashar sauke bayi ce a da, kuma baƙaƙe sun yi yaƙin ƙwatar 'yancinta. Sai a 'yan shekarun nan aka fara girmama irin su María Remedios del Valle, baƙar macen da ta shiga wannan yaƙi, wadda hotonta ke kan takardar kuɗi ta peso 10,000. A ƙidayar 2022, waɗanda suka ce su jinin Afirka ne ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Baƙaƙen da aka fi gani a titi su ne 'yan Senigal masu kasa tabarau da agogo a unguwannin Once da Constitución, kuma sun sha kora da ƙwacen kaya a hannun 'yan sanda. Mace baƙa za ta sha kallo, za a tambaye ta ko daga Birazil take, wani ma zai kai hannu gashinta ba izini. Idan tana tare da wata mace a matsayin masoyiya, ɓuyan da farar mace ke samu cikin taro ita ba ta da shi, tun daga nesa an riga an gan ta.

Haɗarin da ya fi kusa da kowace baƙuwa, ko wace iri ce, shi ne na ɓarayin waya, musamman masu fizge a kan babur da ake kira "motochorros". Kada a tsaya bakin titi ana latsa waya, kada a rataye jaka a bayan kujera. Lambar gaggawa 911 ce, akwai kuma 144 ta matan da aka ci zarafinsu.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi shafar wadda za ta taso daga ɓangarenmu. Kariyar dokar Ajantina tana ƙarewa ne a ƙofar jirgi. A Najeriya, dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a ko ya shiga ƙungiyarsu, ta kuma ce takardar auren da wata ƙasa ta bayar ba ta da wani matsayi. Ga kuma dokokin shari'a a jihohi 12 na arewa. Tun kafin a je ga kotu ma, akwai dangi da unguwa da wurin aiki, da masu neman abin da za su yi wa mutum barazana da shi su tatse shi. A tattakin Nuwamba kowa da wayarsa a sama, 'yan jarida suna ɗaukar hoto, masu shirya bukukuwa suna zuba hotunan daren jiya a Instagram da safe. Ga 'yar Buenos Aires wannan abin tunawa ne. Ga 'yar Kano ko Zariya ko Maraɗi, hoto guda da wata sabuwar ƙawa ta ɗora ta kuma maƙala sunanta a kai, da kyakkyawar niyya, yana iya riga ta isa gida. Ya kamata ta faɗa wa waɗanda take tare da su tun a daren farko cewa ba a ɗaukar ta hoto, ta kuma gaya musu dalili. Za su gane da wuri, domin wasu daga cikin matan da suka rufe fuska da kwali a Plaza de Mayo a 1992 suna nan da ransu, kuma har yanzu suna fitowa tattakin.